Me ya sa wani ma'aikaci ke neman a yi masa gyara, wani kuma ke gudu?

Bakabe, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san sha'anin ma'aikata ce, musamman iyayenmu da suka riƙe ofisoshin mulki.

Akwai abin da ake gani kusan a kowane wurin aiki a nan Kebbi, ko sakatariyar jiha ce, ko ta ƙaramar hukuma, ko makaranta, ko kamfani. Ma'aikata biyu, matakinsu ɗaya, shugabansu ɗaya. Na farko in ya tsara takarda sai ya kai wa shugaba tun ba a buga ta ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mini ko da gyara." Na biyu kuwa ko bai gane umarnin da aka ba shi ba, "To, yallaɓai" kawai zai ce ya fita, ya je ya yi ta kame-kame, ko ya tsaya a baranda yana tambayar masinja me oga yake nufi. In aka ce ya zo a zauna kan aikinsa sai ya kawo uzuri. Abin da ke ɗaure kai shi ne, sau da yawa wannan na biyun ba malalaci ba ne. Yana zuwa da wuri, yana da amana, wani lokaci ma ya fi na farkon sanin aiki.

To me ke kawo wannan bambanci? Kunyarmu ce da tarbiyyar rashin tanka wa babba, ko tsarin aikin ne da kansa? Kuma shugaban sashe da yake son mutanensa su riƙa zuwa da kansu suna tambaya, ta ina zai fara? Ina neman bayani mai amfani wanda za a iya aiki da shi ranar Litinin. Allah Ya ba da lada.

Tsohon Darakta, Gwandu

Wa alaikumus salam. Malam Bakabe, kafin a ɗora wa kunya laifi, a fara duba ta inda gyara ya saba zuwa wa ma'aikacin gwamnati. Ƙofa biyu ce kawai: takardar tuhuma da fom ɗin APER, wato rahoton auna aikin ma'aikaci na ƙarshen shekara. Dukkansu fayil ɗinsa suke shiga, fayil kuwa yana biye da shi har ranar ritaya. Takardar tuhuma tana zuwa da wa'adi, awa 24 ko 48 ko 72, a ce ya kawo dalilin da zai hana a hukunta shi. Mutumin da tun da ya kama aiki bai taɓa jin an ambaci kuskurensa ba sai ta wannan hanya, in ka ce masa "zo mu zauna kan aikinka," abin da kunnensa zai ji shi ne an fara tara masa hujja. Ba wauta ba ce in ya zille. Lissafi ya yi.

Shi APER ɗin ba don a tsorata kowa aka kawo shi ba. A da rahoton sirri ake rubutawa, ma'aikaci bai san abin da aka faɗa a kansa ba sai dai ya ga ana ta tsallake shi wajen ƙarin girma. Hukumar Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ita ta ba da shawarar a koma rahoto a buɗe. Ma'aikaci ya cike nasa ɓangaren, shugabansa na kusa ya ba da maki, su zauna su tattauna, ma'aikacin ya sa hannu cewa ya gani, in yana da ja ya rubuta, sannan wani babba na sama ya sa hannu na biyu. Zaman nan na tsakiya shi ne ran fom ɗin, kuma shi ne aka fi yarwa.

Dalilin yar da shi yana cikin lissafin ƙarin girma. A ƙa'idar tarayya, wadda jihohi galibi suke kwaikwayo da ɗan bambanci, mai matakin albashi na 06 zuwa ƙasa yana jiran shekara 2, mai mataki na 07 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa sama shekara 4. A tsarin da aka daɗe ana bi, jarrabawa ko ganawa tana ɗaukar maki 70 cikin 100, APER 20, daɗewa a aiki 10, kuma ana neman 60 kafin a ce mutum ya ci. Wato duk makin da shugaba ya rage a fom, ma'aikaci yana ganinsa a matsayin shekara guda ta albashi da za ta iya kuɓuce masa. Shugaban kuma unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wataƙila akwai surukuta. Wa yake so a ce shi ya tare wa ɗan wane abinci? Sai kowa ya sami maki mai kyau. Har ta kan kai sai an sanar da ƙarin girma sannan a nemo fom na shekara uku a cike su a zama ɗaya, da biro ɗaya, a canza kwanan wata kawai. Ma'aikacin da ya ga haka ya gane abu biyu: yabon da ke cikin fom ba ya nuna masa komai game da aikinsa, sukar da ta shiga fom kuwa ba gyara ba ce, alama ce ta an ɓata da shi. To me zai je nema?

Ƙara da abu biyu. Sabon ɗauka yana shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma a lokacin ne ya fi kowa buƙatar tambaya, a lokacin ne kuma ya fi kowa tsoron a ce bai iya ba. Sai maganar canjin wurin aiki. Mai iyali a Birnin Kebbi, 'ya'yansa na makaranta a nan, ya san ana iya tura shi ƙaramar hukuma mai nisa da takarda mai layi uku, ba tare da an kira abin hukunci ba. Irin wannan zai fi son kada shugaba ya tuna da shi sam.

Gwamnatin tarayya ta soma maye gurbin APER da tsarin da ake kira PMS, inda ma'aikaci da shugabansa za su amince tun farkon shekara kan abin da za a cimma, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Tunanin daidai ne. Amma shugaban sashe ba sai ya jira takardar umarni ba, ga abin da zai iya yi da kansa.

Ya ware minti 15 a wata ga kowane ma'aikaci, ya rubuta jadawalin ya manna a allon sanarwa, kowa da ranarsa, har da wanda ya fi kowa ƙoƙari. Wannan jadawali shi ne rabin maganin. Matuƙar mai laifi kaɗai ake kira ofis, duk wanda aka ga ya shiga an san abin da ya kai shi, kuma kafin ya fito labari ya zagaya. In kowa na shiga, shigar ba ta da wata ma'ana.

Zaman kada ya shiga fayil. Shugaba ya riƙe ɗan littafinsa, ma'aikacin ma ya riƙe nasa, a rubuta abu ɗaya da aka amince za a gyara da ranar da za a sake dubawa. Abu ɗaya na ce, ba biyar ba. Kuma a faɗe shi da rana da takarda: "Rahoton da ka kawo ranar Talata, jimillar shafi na uku ba ta dace da ta shafin ƙarshe ba, shi ya sa ofishin kuɗi suka dawo da shi, muka yi asarar kwana huɗu." Wannan mutum zai iya gyarawa. "Kai ba ka da natsuwa" ba ya gyaruwa, sai dai ya zama abin riƙo a zuci.

Sai alkawari biyu da shugaba zai faɗa a gaban kowa, ya kuma cika. Na farko, ba abin da zai rubuta a fom ɗin ƙarshen shekara wanda bai riga ya faɗa wa mutum baki da baki ba, ya kuma ba shi lokacin gyarawa. Na biyu, kuskuren aiki da mutum ya kawo da kansa ba zai koma takardar tuhuma ba. A fayyace iyakar tun farko: cin kuɗi, takardar jabu da ƙauracewa aiki ba sa cikin wannan rangwame, nasu yana ga doka. Ranar da shugaba ya karya ɗaya daga alkawuran nan, ko sau ɗaya, ya sani ba wanda zai sake kawo masa komai, kuma waɗanda suka ji labari sun fi wanda abin ya shafa tsorata.

Mu Musulmi mun san addini nasiha ne, kuma malamai sun daɗe suna rarrabe nasiha da tozartawa: ta farko a keɓe ake yin ta. Shugaban da ke gyara wa mutum a gaban masinja da direba da baƙi, ya daina mamakin don an daina tambayarsa.

Malamar Sashen Mulki, Kalgo

Baba Darakta, Allah Ya ƙara lafiya, bayaninka ya gamsar ta fuskar tsari. Sai dai ina so in ƙara cewa ko a wuraren da ba APER ba takardar tuhuma, ana samun wannan gudun. Masu bincike a Amurka sun daɗe a kansa.

A 1983 Susan Ashford da L. L. Cummings suka nuna cewa ma'aikaci ba zama yake yi yana jiran a gaya masa matsayinsa ba, nema yake yi, kuma ta hanya biyu. Ko ya yi tambaya kai tsaye, ko ya sa ido: ya lura da fuskar shugaba, da yadda aka amsa gaisuwarsa, da wanda aka ba aiki mai muhimmanci, da wanda aka tafi da shi taro. Saboda haka mutumin da Malam Bakabe ya ce yana tambayar masinja, shi ma neman sani yake yi. Ya dai zaɓi hanyar da ba za ta ci masa mutunci ba. Matsalar ita ce wannan hanya tana yawan ba da amsar ƙarya. Shugaba ya shigo fuska a ɗaure saboda yaronsa ya kwana da zazzaɓi, ma'aikaci ya fassara cewa rahotonsa ne bai yi ba, ya kwana uku yana sake abin da ba shi da aibi, ainihin kuskuren kuma yana nan.

Abin da ke faruwa a zuciyar mutum kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa awo ne tsakanin abu uku. Akwai amfanin da zai samu in ya ji gaskiya. Akwai zafin da zai ji in gaskiyar ba ta yi daɗi ba. Akwai kuma yadda za a kalle shi don ya tambaya. Na farko kaɗai ke tura shi ciki, biyun na ja da shi baya. Duk abin da ya ƙara wa na farko nauyi yana sa a tambaya: sabon aiki, sabon shugaba, umarni mai harshen damo, ko shugaban da aka yarda ya san aikin da gaske. Wannan na ƙarshen a riƙe shi. Ba wanda zai je neman gyaran lissafi wurin wanda aka san bai iya karanta takardar kuɗi ba, komai kirkinsa.

Binciken ya kuma nuna mutane na rage tambaya in akwai masu kallo, kuma suna rage ta yayin da suke daɗewa a aiki, don suna ganin an ɗauka ya kamata a ce sun sani. A nan ne namu yanayin ke ƙara gishiri. Ɗauki akawun da ya shekara 25 a ofis, aka kawo kwamfuta, aka kawo shugaba sa'ar ɗansa. Yana iya tambayar yaron nan yadda ake tsara jadawali a Excel? A gaban yaran da yake koya wa aiki? Zai gwammace ya ce shi ya fi yarda da takarda da biro. Irin wannan dattijo, shugaba ne ya kamata ya je teburinsa bayan an watse, ya fara da neman shawararsa kan abin da ya fi kowa sani, sannan a gangaro kan kwamfutar.

Ga mata akwai ƙarin nauyin da maza ba su cika lura da shi ba. Matar aure da ta shiga ofishin shugaba namiji sau biyu a mako, aka rufe ƙofa, ta san abin da za a ce, ko da takardu ne a hannunta. Da yawa suna haƙura da tambayar gaba ɗaya saboda wannan kawai. Maganinsa mai sauƙi ne: a bar ƙofa a buɗe a rage murya, ko a yi zaman a ɗakin taro inda ana hango mutane ba a jin maganarsu, ko a haɗa ta da babbar ma'aikaciya da za ta riƙa duba aikinta. Ga maza kuma akwai tsoron a kira mutum ɗan fadanci ko ɗan kai rahoto. Jadawalin da Baba ya ambata yana kashe wannan ma.

Abu biyu daga binciken da nake so kowane ma'aikaci ya sani. Ashford da Anne Tsui, a 1991, sun duba manajoji suka gano cewa waɗanda ke neman a gaya musu inda suka gaza, shugabanninsu da abokan aikinsu da na ƙasa da su sun fi ganinsu a matsayin ƙwararru, masu neman yabo kuwa ƙimarsu raguwa take yi. Wato tsoron da ake ji na cewa tambaya za ta zubar da mutum, galibi akasinsa ne ke faruwa, in dai gyara ake nema da gaske. Ina jaddada "da gaske" saboda ba duk mai yawan shiga ofis ne mai neman gyara ba. Wani ba ya kai aiki sai wanda ya tabbata ya yi kyau, kuma sai lokacin da oga ke cikin fara'a. Shugaba zai gane shi da abu ɗaya: in aka nuna masa kuskure, gobe ba zai dawo ba.

Na biyun ya shafi shugabanni. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara sakamako 607 daga bincike daban-daban kan gaya wa mutane yadda aikinsu yake. A dunƙule abin yana inganta aiki, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku, aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayaninsu shi ne, in maganar ta karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, wato ya koma tunanin "ni wane irin mutum ne a idonsu," ƙarfinsa yana tafiya wajen kare kai. Kenan ma'aikacin da ke gudun wani irin gyara, wani lokacin yana da gaskiya, don ya taɓa ɗanɗana wanda bai ƙare shi da komai ba sai ɓacin rai. Gyaran da ake kwatanta mutum da wani, "dubi wane, shi ba ya haka," yana cikin mafi muni.

Kada kuma a manta shugaban ma gudu yake yi. Mutane ba sa son isar da labari marar daɗi, sai su jinkirta ko su sassauta har ma'anar ta ɓace. Ma'aikaci ya yi ƙarfin hali ya tambaya, aka ce masa "ba komai, kana ƙoƙari, ci gaba." Bai ƙaru da komai ba, kuma ya riga ya biya kuɗin kunyar shiga. Karo na biyu ba zai zo ba.

Jami'ar Lafiya, Argungu

Salamu alaikum. Wagga magana a asibiti ba ta ƙarin girma ba ce kaɗai, ta ran yara ce, shi ya sa nike son in kawo ta kusa.

A ɗauki firij ɗin allurar rigakafi a ƙaramin asibiti. Ƙa'ida ita ce sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a duba sau biyu a rana, safe da yamma, har ranakun hutu, a rubuta a takardar da ke manne a jikinsa. Mai duba aiki ya zo daga ƙaramar hukuma, ya ga takarda cike da 5, 5, 5, tun daga ɗaya ga wata har talatin, rubutu iri ɗaya, tawada iri ɗaya. Firij na gaske ba ya haka. Da rana a watan Afrilu zai ɗan hau, da asuba a lokacin hunturu zai sauka. Takardar da ba ta motsi tana nufin an cike ta ne daren da aka ji masu dubawa na tafe. Wanda ya cike ta ba mugu ba ne. Ya taɓa rubuta 11 da gaskiya, aka yi masa tsawa gaban masu jego, sai ya koyi cewa lambar da ake so ita ce 5.

Abin da wannan ke jawowa shi ne a rasa sanin ranar da firij ya sauka ƙasa da sifili. Alluran rigakafi irin su Penta, PCV, IPV, Td da ta ciwon hanta, in suka daskare sun lalace, kuma ɗan tambarin da ke jikin kwalba zafi kaɗai yake nunawa, ba ya nuna daskarewa. Sai an yi gwajin girgizawa (ban da IPV, wadda gwajin ba ya aiki a kanta), a kwatanta da kwalbar da aka daskarar da gangan, a ga wadda ta fi saurin kwantawa. Ma'aikacin da ke tsoron tambaya ba zai ce "Hajiya, na tarar da ƙanƙara a jikin kwalaben nan, me zan yi?" ba. Zai share su ya yi wa yara, a rubuta an yi musu rigakafi alhali ba kariya a jikinsu. Haka nan allurar BCG ta tarin fuka da ta ƙyanda in an haɗa su da ruwansu, bayan awa 6 ko ƙarshen zaman ranar zubarwa ake yi. Wanda aka taɓa zagi kan ɓarnar magani zai ɓoye ragowar ya kai gobe.

Malama ta fi ni sanin wannan, amma akwai binciken Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard a asibitocin Amurka, wanda ya fito a 1996. Ta tarar sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci da jituwa su ne suka fi yawan rahoton kuskuren magani. Ba don sun fi yin kuskure ba, don sun fi faɗa. Saboda haka inchajin da ke alfahari cewa wata shida ba a kawo masa matsala ko ɗaya ba, ya kamata hankalinsa ya tashi.

Ga mai duba aiki, yadda ya shiga shi ke yanke komai. Ya gaisa, ya zauna, ya fara da tambayar abin da ya fi ba su wahala a watan: batir ne, ko babur na fita ƙauyuka, ko katin yara ya ƙare. Su buɗe rajista tare. In an yi wa yara 120 Penta ta farko, 90 kaɗai suka dawo ta uku, a yi lissafin a gabansa: 30 cikin 120, kashi 25 cikin 100, alhali abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Sannan a tambaye shi, "A ganinka ina yaran nan suka maƙale?" Shi ya san rugar da ta tashi da ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya. A rubuta abu biyu ko uku a littafin ziyara, ɗaya daga ciki ya zama na mai dubawar ne da kansa zai kawo. In ya dawo da abin da ya yi alkawari, daga ranar za a fara kiransa a waya ana tambaya.

Mai Kula da Inji, Jega

Ni ta ɓangaren injin shinkafa zan yi magana, a gajarce. A nan ba a cika gudun gyara ba in awo ne ya yi magana. Samfarera ana so danshinta ya kai wajen kashi 14 cikin 100 kafin ta shiga inji. In ta fi haka jiƙa, ba ta ɓarewa da kyau kuma tana iya yin fumfuna a buhu. In an turara ta aka shanya a rana mai zafi ta bushe da gaggawa ba a bar ta ta huta a inuwa ba, ƙwayar tana tsagewa a ciki, tana shiga inji ta karye. In robar ɓarewa ta cinye ko an matse ta da yawa, ko an ƙara wa injin gogewa matsi, nan ma karyewa ce. Buhu mai kilo 100, ƙaiƙayi kaɗai yana cin wajen kilo 20, dusa 8 zuwa 10, saura ne shinkafa, kuma kuɗin yana cikin yawan wadda ta fito ba ta karye ba.

Inda aka ajiye na'urar auna danshi da ɗan sikeli a kusa da mai aiki, aka koya masa ya ɗebi giram 100 kowace awa ya ware karyayya ya auna, za ka ga shi ke kiran babba da kansa: "Oga, karyewa ta hau, zo mu duba roba." Ba wanda ya ce masa bai iya ba, sikeli ne ya nuna. Inda aka kulle na'urar a ofis kuma ake cire asara daga kuɗin mai aikin yini, ba zai taɓa kira ba. Zai gauraya karyayyar cikin mai kyau ya ɗinke buhu, sai dila ya dawo da kaya bayan mako biyu, lokacin an riga an sarrafa tan da yawa da robar da ta mutu. A daina yanke wa mutum kuɗi kan abin da shi ya fara kawo rahotonsa.

Bakabe, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura guda. Duk wannan yana hannun shugaba. To ƙaramin ma'aikacin da nasa shugaban bai yi ko ɗaya daga ciki ba, ba jadawali ba alkawari, kuma mai saurin fushi ne, shi ya zai yi?

Tsohon Darakta, Gwandu

Ya ƙanƙanta tambayar, ɗana. Kada ya shiga ya ce "Yallaɓai, yaya kake ganin aikina?" Wannan tana tilasta wa shugaba ya yi hukunci a kan mutum ɗungurungum, sai ya kauce da "ba laifi," ko ya tuno duk abin da ya taɓa ɓata masa rai. Ya shiga da takarda ɗaya, yatsa a kan wuri ɗaya: "Ranka ya daɗe, a wannan sakin layi na sa adadin bara ne, ko na bana ake so?" Minti biyu ta ƙare, kuma ta nuna ya yi tunani kafin ya zo.

Ya kai aikin tun yana ɗanye, kwana biyu ko uku kafin wa'adi, lokacin da gyara ba zai jawo wa kowa asara ba. Ya zaɓi lokaci: ba safiyar Litinin ba, ba lokacin da oga ya fito daga wurin nasa ogan ba, ba gaban baƙi ba. Sakatare ko masinja sun san sa'ar da ta dace, a nan tambayarsu ke da amfani. In an fara magana ya rubuta, kada ya katse da bayanin dalilinsa, ko da yana da gaskiya. Bayanin ya jira gobe, in har yanzu yana ganin akwai buƙata. Daga ƙarshe ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, don rabin saɓanin ofis daga "na ɗauka cewa ka ce" yake tasowa. Bayan mako ɗaya ya dawo da aikin a gyare, ya nuna wurin. Shugaba mai zafi ma yakan sauko ga wanda ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

In kuwa an gwada sau biyu ko uku abin ya zama cin mutunci, ya bar wannan ƙofar, ya ci gaba da ladabi da biyayyar aiki. Ya nemi wani babba a sashen, ko wanda ya riƙe kujerar kafin shi, ko mutanen da takardarsa ke zuwa hannunsu a ofishin kuɗi ko na odita, ya tambaye su abin da ke sa suna dawo da ita. Ya kuma riƙe kwafin kowane aiki da ya miƙa da kwanan watansa, da duk gyaran da aka yi masa a rubuce, a fayil nasa na gida. In fom ɗin ƙarshen shekara ya zo da abin da bai yarda da shi ba, kada ya ƙi sa hannu, sa hannun shaidar ya gani ne kawai. Ya rubuta jansa a gurbin da aka tanada, cikin ladabi, da lambar takarda da rana, kafin fom ɗin ya wuce wurin mai sa hannu na biyu.